Amsoshin Tambayoyinku: Na Gama Rubuta Labarina, Wa Zai Buga Mini?

TAMBAYA: Malam, ni malamar firamare ce, kuma tun ina 'yar sakandare nake karance-karancen littattafan hikaya. Yanzu na rubuta nawa, ya cinye manyan littattafan rubutu uku. Labarin wata yarinya ce, Hindatu, da aka cire daga makarantar koyon aikin jinya aka aurar da ita, daga baya ta koma karatunta. Na tura wa ƙawayena wasu babuka ta WhatsApp, kowa ya ce ya yi daɗi. Akwai wanda ya ce in ba shi kuɗi ya kai mini kamfani a buga. Yaya zan gane ko labarin ya isa bugawa? Kuma wace hanya ake bi littafin farko ya fito? Daga wata mai karatu, Funtuwa.

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari. Masu fara rubuta labari kamar jamfa a Jos suke, masu kai shi ƙarshe ne ba su da yawa, ke kuwa kin kai. Sai dai kuɗin nan ki riƙe abinki tukuna. Ban ce mutumin macuci ne ba, wataƙila ma da zuciya ɗaya ya yi miki tayin. Amma ki tambaye shi, inda zai kai littafin nan maɗaba'a ce ko kamfanin wallafa? Maɗaba'a inji take da shi. Ko katin biki kika kai mata, ko kalandar ɗan takara, za ta karɓi kuɗinki ta buga ta ɗaure miki a kwali, ba ruwanta da abin da ke ciki. Kamfanin wallafa kuwa shi ke zuba kuɗinsa. Zai karanta rubutun, ya karɓa ko ya mayar. In ya karɓa, ya sa mai gyara ya zauna da ke, ya buga, ya kai kasuwa, sannan ya riƙa ba ki kasonki daga ciniki. Duk inda aka ce marubuci ne zai biya, to maɗaba'a ce, komai girman allon da aka kafa a ƙofa.

Irin wancan kamfani na biyu ya yi ƙaranci ƙwarai a wajenmu, musamman ga ƙagaggen labari na Hausa. Da can akwai shi. A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar da ta haifar da littattafan nan biyar da kowane ɗalibin Hausa ya sani: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. Ki duba bangon na ƙarshen nan, suna biyu za ki gani, John Tafida da shi East ɗin, saboda hannun mai gyara ya yi nauyi a aikin har sunansa ya hau bango. Magana Jari Ce ma ba kulle kansa Imam ya yi a ɗaka ya fito da shi ba. Daga Katsina aka ɗauko shi zuwa Zariya, aka tara masa littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, yana rubutawa ana dubawa. Kamfanin wallafa na NNPC da ke Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya ɗora daga nan. Gasar da ya shirya ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980, tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya kuma ta kawo Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya a 1982.

Daga nan abubuwa suka taɓarɓare. Tattalin arziki ya karye, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, Naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, masana'antun takarda na gida irin na Jebba da Oku Iboku suka durƙushe daga baya. Manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta, inda ciniki ke da tabbas. Marubuta ba su zauna jiran gawon shanu ba, suka riƙa buga abinsu da kuɗinsu suna kai wa 'yan kasuwa. Haka Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, 'yar garinku Bilkisu Ahmed Funtuwa ta fito da Allura Cikin Ruwa. Ƙungiyar marubuta ta Raina Kama ta Kano a wannan zamanin ta yi tashe, kuma irin waɗannan littattafai ne Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa suna Adabin Kasuwar Kano, aka shafe shekaru ana tafka muhawara a jaridu a kansa. Ni ina cikin masu ganin alherin wannan yunƙuri ya rinjayi aibinsa. Matan aure da ba su wuce firamare ba sun riƙe karatun boko saboda littattafan nan, mata kuma suka sami bakin faɗin abin da ke faruwa a cikin gidaje. Amma an yi asarar abu ɗaya babba, wato mutumin da zai karanta rubutunki ya ce, "Bai yi ba tukuna, koma ki sake." Mai inji ba zai faɗa miki haka ba, don kuɗinsa yake nema. Ƙawayenki ba za su faɗa ba, don suna son ki. Aikin nan yanzu ya dawo wuyanki, ke za ki nemo mai yi miki shi, kafin nan kuma ke za ki fara yi wa kanki.

Ki ɗaure littattafan rubutunki uku ki jefa a ƙasan akwati, wata ɗaya ko biyu kada ki leƙa. Idan kin ɗauko, ki shigar da labarin a kwamfuta ko a waya da hannunki, kada ki kai wa masu taifin. Ba don tsimin kuɗi na ce haka ba. Mai taifin abin da ya gani zai kwafe, har ya ƙara miki nasa kurakuran. Ke kuwa duk jimlar da kika ji ƙyuyar sake rubutawa, to mai karatu ma ƙyuyar karanta ta zai ji, sai ki bar ta a can.

Wurin da za ki fara sa almakashi shi ne farkon littafin. Yawancin rubuce-rubucen farko da ke zuwa hannuna da kiran assalatu suke buɗewa. Jaruma ta farka, ta yi salati, ta yi alwala, ta share tsakar gida, ta gaida Umma, ta gaida Abba, ta dama koko, ta yi wanka, sannan ta tsaya gaban madubi a zayyano mana ita: doguwa, fara sol, dara-daran idanu, hanci har baka, gashi har gadon baya. Shafi goma sun tafi, ba abin da ya faru, kuma yarinyar nan mun riga mun gamu da ita a littattafai ɗari. Ban ga rubutunki ba, amma daga abin da kika faɗa, labarin Hindatu ya fara ne ranar da aka zo ɗaukar ta daga makaranta. A ce kin buɗe da cewa Hindatu na tsakiyar wanke fararen kayanta na makaranta aka aiko wai kawunta na bakin get, kuma ya ce ta fito da akwatinta. Layi biyu ke nan, amma mai karatu ya riga ya kamu. Me ya kawo kawu ranar da ba ta ziyara ba? Me ya sa har da akwati? Tarihin gidansu, da rasuwar mahaifinta in ya rasu, da yadda ta sami gurbin karatun, duk za su iya biyo baya kaɗan-kaɗan a inda ake buƙatar su.

Haka batun hali. Kada ki ce mana Hindatu yarinya ce mai haƙuri da tarbiyya, wannan shaidar maƙwabta ce ranar neman aure. Sa ta ta ji saƙon kawun, ta yi shiru, ta ƙarasa ɗauraye rigar, ta matse, ta shanya a igiya ta sa mata maƙali, alhali ta san ba ita za ta kwashe shanyar ba. Wanda ya karanta wannan ya san wace ce Hindatu, kuma zai tuna da ita bayan ya manta launin fatarta.

Sai kawun. A nan yawancin sababbin marubuta ke faɗuwa, domin suna son jarumarsu har ba sa iya yi wa abokin gabanta adalci. Sai a yi shi baƙi, mummuna, mai jajayen haƙora, mugu tun daga shafin farko har ranar da zai yi hatsarin mota ya nemi gafara a gadon asibiti. Mutanen da ke cire 'ya'ya daga makaranta a garuruwanmu ba haka suke ba, kuma kin fi ni sani tunda kina koyarwa. Wataƙila shi ya biya mata kuɗin makaranta shekara biyu, yanzu shagonsa ya karye. Wataƙila a majalisa aka yi masa gori a kan 'yan mata masu kwana asibiti da sunan aikin dare. Wataƙila mai neman auren yana bin sa bashi, abin da ba zai iya faɗa wa kowa ba. Ki ba shi hujjar da in ya kawo ta gaban dangi, rabin ɗakin za su gyaɗa kai. In kin yi haka, cin nasarar Hindatu zai yi nauyi, don ba gunki ta kayar ba.

Maganar kowa kuma ta fito da kamanninsa. Tsohuwar ƙauye ba za ta yi magana irin ta ɗalibar jami'a ba. In kakar Hindatu Bakatsiniya ce, bar ta ta ce "mi" da "ɗiyata" a bakinta, ke kuma mai ba da labari ki tsaya kan daidaitacciyar Hausa. Gaisuwa ki rage ta. A rayuwa muna tambayar gajiya da iyali da sanyi da kwana biyu, a takarda kuwa layi ɗaya ya isa, sai fa in akwai abin da ke ɓoye a cikinta, kamar uwar miji ta amsa da "lafiya" ɗaya tak ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Hanyar gane maganar da ba ta zauna ba ita ce ki karanta da ƙarfi, a ɗaki ke kaɗai. Inda harshenki ya sarƙe, ko kika ji ba Bahaushen da zai faɗi haka, ki ja layi. Galibi za ki tarar Turanci ne kwance a ƙarƙashin jimlar, ko maganar fim ɗin Indiya da aka fassara.

Tun da na ambaci fim, aro ba haram ba ne a wannan sana'a. Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turawa, amma ya sa musu rawani da babbar riga har ba mai cewa baƙi ne. Abin da ba ya karɓuwa shi ne a ɗauko fim sukutum a sauya sunaye, a bar mu da saurayi yana durƙusa wa budurwa da zobe a tsakiyar Tudun Wada.

Ki kula da kuɗi a cikin labarinki. Nawa ne kuɗin makarantar? Wa ke ba da cefane? Ina Hindatu ta sami kuɗin mota ranar da ta koma neman gurbinta? Abin da ya sa Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat ya tsaya da ƙafarsa ke nan. Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara, marubuciyar kuma ba ta bar Rabi tana kuka a ɗaki har ƙarshen littafi ba, ta nuna mana ita tana dafa abincin sayarwa tana riƙe yaran. Labari ne na cikin gidan Kano tsantsa, ba a sassauta shi don wani baƙo ya fahimta ba, duk da haka Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga shi a 2012. Ke ma kafin ki sake rubuta babukan makaranta da na asibiti, nemi wata nas ko ungozoma ki zauna da ita. Ki tambaye ta yadda ake miƙa aiki da asuba, da abin da babbar sista ke yi wa ɗaliba in ta kasa samun jijiya wajen sa ƙarin ruwa, da abin da suke ci da tsakar dare, da ranar da ta fara ganin an rasu a hannunta. Abu biyu ko uku daga bakinta sun fi shafi ashirin na "ta ci gaba da karatunta cikin nasara."

Komawar Hindatu makaranta ita ce ƙashin bayan littafin, don haka kada ki bari sa'a ta yi mata aikin. Mun gaji da attajirin da ke faɗowa daga sama a babi na ƙarshe, da mijin da ke mutuwa daidai lokacin da marubuciya ta rasa yadda za ta yi da shi. Ki duba Jiki Magayi. Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya raba Abubakar da Zainab, Abubakar ya tafi neman ramuwa, ramuwar ta faɗa kan yaron da aka haifa, Kyauta, ta kuma dawo ta cinye kowa. Kowane abu wani abu ne ya jawo shi. Hindatu ta koma da dabararta da guminta, kuma ta biya wani abu: ko zumunci ya yi rauni, ko ta bar ɗanta wurin kaka yana kiran wata Mama. Wa'azin shafin ƙarshe kuwa, inda marubuciya ke ajiye labari ta hau mumbari tana kira ga iyaye, ki cire shi. Na san masu karatunmu na son faɗakarwa, ni ma ina so. Amma in labarin ya yi aikinsa, uban da ya karanta ya riga ya ji a jikinsa, in kuma bai yi ba, shafi ɗaya na nasiha ba zai cece shi ba.

Bayan kin sake rubutawa, sai neman mai cewa a'a. "Ya yi daɗi" na ƙawaye ki karɓa da godiya, amma kada ki gina komai a kansa. Ki nemi mai yawan karatun hikaya wadda ba ta san ki ba, ta hannun wata, a ba ta rubutun ba tare da sunanki ba. Kada a tambaye ta ko ya yi daɗi. A tambaye ta a wane shafi ta ajiye ta tashi, wane ne ta manta da shi har sai da ta koma baya ta duba, kuma a ina ta gano yadda za a ƙare. Ƙungiyoyin marubuta ma suna wannan aiki. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma reshen Kano ya daɗe yana zaman karatu inda marubuci ke karanta aikinsa a yi masa gyara a gaban jama'a. Zaman yana da zafi, wani ma ba don Allah zai soki aikinki ba. Ki rubuta duk abin da aka faɗa, ki bar shi ya kwana biyu. Gyaran da mutum biyu ko uku suka haɗu a kansa ba tare da sun haɗa baki ba, to akwai matsala a wurin, ko da maganin da suka kawo ba shi ne daidai ba.

Na ƙarshe da zai ga rubutun shi ne malamin Hausa da ya san ƙa'idojin rubutu, kuma wannan ki biya shi ladan aikinsa. Raba kalma da haɗe ta shi ne ciwon da ya addabi littattafanmu: "ya na" a maimakon "yana", "su ka" a maimakon "suka", "gidan sa" a maimakon "gidansa". Sai haruffa masu lanƙwasa da waya ta koya wa mutane zubarwa. Malaman da ke zaɓar littattafan da za a karanta a makarantu, da alƙalan gasa, daga shafin farko suke gane wanda bai kula da wannan ba.

To, ina za a kai shi? In ni ne ke, da gasa zan fara, ba da wannan dogon labarin ba, da gajere. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, ta fito da sunayen da a da ba wanda ya san su, kuma ana karanta labaran da suka yi fice a rediyo. Cibiyar Gusau da ke Kaduna ma ta sha shirya gasar rubutun Hausa. Sharuɗɗa kan sauya, sai ki duba na kowace shekara. Ko ba ki ci ba, matse labari cikin 'yan shafuka zai koya miki yanka fiye da duk abin da zan faɗa a nan, kuma alƙalan ba su san ki ba balle su ji kunyarki.

Hanya ta biyu ita ce waya, inda kasuwar ta koma yanzu. Marubuta na sakin babuka na farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad ko ArewaBooks, wanda ya ji daɗi ya biya a sa shi a rukunin masu karanta sauran. Ba kuɗin takarda, ba dillali, kuma mai karatu a Maraɗi ko Kumasi zai same ki a rana ɗaya. Aibinta biyu. Na farko, mutum ɗaya zai biya ya tura wa ɗari. Na biyu ya fi damuna: masu karatu na jiran sabon shafi kullum, sai marubuciya ta riƙa rubutawa da dare tana sakewa da safe, ba gyara, ba waiwaye, labarin da ya kamata ya ƙare a babi talatin ya kai ɗari. Ke da kika riga kika gama naki kin tsira daga wannan, muddin ba ki biye wa masu cewa a ƙara ba. Ki kuma ajiye kwafinki a wuri fiye da ɗaya. OkadaBooks ta yi shekara goma tana sayar da littattafan 'yan Nijeriya ta waya, har da na Hausa da yawa, ta rufe a 2023.

In kuwa burinki ki riƙe littafi a hannu da sunanki a bango, wannan ma hakkinki ne, sai ki shiga da ido buɗe, ki je maɗaba'ar da ƙafarki ko ki tura ɗan'uwan da kika yarda da shi. Lambar ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta, kuma doka ta ce a kai musu kwafi uku bayan an buga. In a Kano za ki buga ko ki sayar, ki sani Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001, tana da hurumi a kan littattafai, sai ki nemi sanin ƙa'idarta tun da wuri. A maɗaba'a, ki sa a nuna miki takardar da za a yi amfani da ita, mai giram 60 ce ko 70, ki ɗaga ta a haske ki ga ko rubutun baya zai ɓullo. Ki tambayi yadda injinsu ke ɗaukar shafuka, domin galibi 8 ko 16 ake jerawa a faranti, kuma shafi biyu da suka yi rara za su iya jawo miki kuɗin faranti guda. Kada ki yarda a hau inji sai an fitar miki da kwafin gwaji kin karanta shi tun daga bango har bango. A nan ne ake kama babbar masifar littafin Hausa: an sauya kwamfuta, salon haruffan da aka zaɓa bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai duk su koma 'yan akwatuna ko alamar tambaya, ko su ɓace gaba ɗaya. Yawan kwafi, da irin takarda, da ranar karɓa, duk a rubuta a sa hannu. Ki ba da rabin kuɗi, sauran sai kin ƙirga kayanki.

Kada ki buga da yawa. Mai inji zai ce miki dubu ta fi ɗari biyar araha a kan kowane kwafi, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai bai gaya miki inda za ki kai dubun ba. Kasuwar littattafan hikaya ta takarda ta ja baya sosai tun da waya ta shigo, masu shagunan da suka rage kuma yawanci "sai an sayar" suke karɓa, wato kuɗinki na hannunsu har sai ranar da Allah ya yi. Yanzu akwai injinan da ba sa buƙatar faranti, suna iya fitar da kwafi 50 ko 100. Ki fara da haka, in sun ƙare ki ƙara, kin ma sami damar gyara kurakuran da masu karatu suka tsinto. Ke malama ce, kasuwarki ta farko tana kusa da ke: abokan aiki, makarantun 'yan mata, makarantun koyon jinya da ungozoma da labarin ya shafa kai tsaye. Bikin ƙaddamarwa kuwa, in za ki yi, ki yi shi daidai aljihunki. Alƙawarin da manyan baƙi ke yi a lasifika daban, abin da ke shigowa hannu daban, kuma marubuta da yawa sun ƙare da bashin zaure da na lemo.

Hakkin mallakar labarin naki ne tun ranar da kika rubuta shi, ba sai kin yi rajista ba. A dokar hakkin mallaka ta 2022, yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, wato magadanki ma za su ci. Rajista da Hukumar Kare Hakkin Mallaka ta Nijeriya hujja ce kawai da za ta taimake ki in rigima ta taso. Inda za ki yi hattara shi ne ranar da mai karanta littattafai a YouTube ko wani furodusan Kannywood ya ce yana son labarin. Kada ki sayar da shi ɗungurungum da baki. A rubuta abin da kika ba shi izini, karantawa ce ko fim, na tsawon wane lokaci, nawa zai biya, kuma sunanki zai fito a ina. In kina son ki fito da laƙabi a bango, kamar yadda mata da yawa ke yi saboda gidan miji ko wurin aiki, ba laifi, amma a takardar ISBN da duk wata yarjejeniya ki sa cikakken sunanki na gaskiya, wanda ke kan katin shaidarki da asusunki na banki. Allah ya ba da sa'a.